FASHIN BAƘI: Yadda ciwon hanyar fitsari ke zubar da gishirin jikin jarirai, da dalilin da ya sa batun ya shafi Haɗejiya

A ƙasar Haɗejiya, da zarar an ambaci ciwon ƙoda, hankalin jama'a kan koma kan manya: magidancin da ƙafafunsa suka kumbura, ko matashin da ake yi wa karo-karo a Facebook domin a biya masa kuɗin magani. Shekara da shekaru ke nan mazauna wannan yanki, tun daga Haɗejiya har zuwa Gashuwa a Jihar Yobe, suna kokawa da yawaitar cutar. Kukan nasu ya kai kunnen gwamnatoci, shi ya sa batun wankin ƙoda ya shiga cikin alƙawuran 'yan siyasa.

Akwai kuma wasu masu ciwon ƙodar da ba a sa su a wannan lissafi. Jarirai ne da ba su kai wata shida ba, galibinsu maza, waɗanda ƙwayoyin cuta ko toshewar hanyar fitsari ke sa ƙodarsu ta riƙa zubar da gishirin jiki. Lalurar na iya kashe jariri cikin 'yan kwanaki. Amma gwaje-gwaje uku masu sauƙi sun isa su tona ta, kuma idan an gano ta da wuri, zubar gishirin kan tsaya gaba ɗaya.

Aikin gishiri a jiki

Gishirin da ake magana a nan shi ne sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya. Shi ne ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini; duk inda ya tafi, ruwa na biye da shi. A jikin mai lafiya, awonsa a jini yana tsakanin milimol 135 zuwa 145 a kowace lita. Abokin tafiyarsa shi ne fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara a kansa. Shi kuwa kaɗan ake buƙata a jini, tsakanin 3.5 zuwa 5 ga babba, ko sama da haka kaɗan ga sabon haihuwa.

Ƙoda ce ke kula da wannan ma'auni. Ƙodar babban mutum na tace ruwa kimanin lita 180 a yini, amma tana mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. A ƙarshen siraran bututun da ke cikin ƙoda ne ake yanke hukuncin gishiri nawa zai koma jini, nawa zai fita.

Ba ƙodar ce ke yanke hukuncin ita kaɗai ba. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira adirenal, yana zaune kamar hula. Shi ke fitar da wani homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, mai suna aldosteron. Saƙon da yake kai wa ƙoda guda ne: ta riƙe sodiyam, ta fitar da fotasiyam. A shekarar 1953 masana kimiyya suka yi nasarar ware wannan homon, cikinsu har da Sylvia Simpson da James Tait na Ingila.

Inda saƙon ke maƙalewa

A lalurar da ake magana a kai, ƙullutun adirenal lafiyarsa ƙalau. Yana aika saƙo, har ma fiye da ƙima, domin idan aka auna jinin jaririn za a tarar aldosteron ya ninka yadda aka saba sau da yawa. Ƙodar ce ta daina amsawa. Kumburin da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, da dannawar fitsarin da ya kasa wucewa ya koma baya, su ke raunana sassan bututun da ke karɓar saƙon.

Daga nan abubuwa kan biyo juna. Sodiyam na tsiyayewa cikin fitsari, ruwa na bin sa, jini na raguwa. Fotasiyam ya rasa mafita sai ya taru, jini kuma ya ɗauki tsami. An sha samun jariran da sodiyam ɗinsu ya faɗi ƙasa da 120, fotasiyam kuma ya haura 7. Ƙarancin sodiyam na kumbura ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga, yawan fotasiyam kuwa na rikita bugun zuciya har ta tsaya farat ɗaya.

Likitoci biyu a Ostireliya, Cheek da Perry, su ne suka fara bayyana jaririn da ƙodarsa ba ta jin aldosteron a 1958. Nasu nau'in gado ne. A 1983 kuma likitan yara Juan Rodríguez-Soriano da abokan aikinsa a Sifen suka nuna cewa toshewar hanyar fitsari ma na kawo irin wannan hali, amma na wucin gadi. A takardun asibiti ana taƙaita sunan lalurar da haruffan PHA.

Dalilai biyu ne suka sa ta fi kama jarirai. Na farko, ƙodar sabon haihuwa ba ta gama nuna ba, ko da lafiya lau yake ba ta jin aldosteron sosai kamar ta babba. Na biyu, nonon uwa gishirinsa kaɗan ne, kimanin milimol 7 a lita. Wannan ya wadatar da jariri mai lafiya, kuma shi ne daidai da ƙodarsa, sai dai ba ya iya cike giɓi idan gishiri na zuba. Shi ya sa mafi yawan masu lalurar ba su wuce wata uku ba, kuma da wuya a gan ta bayan wata shida zuwa bakwai.

Abin da ke toshe hanyar

Mutanen fadamar Haɗejiya sun san abin da ciyawar kacalla ke yi wa magudanan ruwa. Idan ta cunkushe hanya, ruwa ba ya isa inda ake jiransa, sai ya koma baya ya malale gonakin da ke sama. Haka toshewar hanyar fitsari take. Fitsari na saukowa daga ƙoda ta bututu biyu zuwa mafitsara, daga nan ya fita ta bututu ɗaya. Duk inda aka samu cikas, abin da ke sama ne ke shan wahala.

Cikas mafi haɗari ga jarirai maza shi ne wani ɗan tantani da ake haihuwar yaro da shi a cikin bututun da ke fitar da fitsari daga mafitsara. Likitoci na taƙaita sunansa da PUV. Maza kaɗai yake samu, kimanin ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000 na yara mazan da ake haihuwa, kuma wani likitan Amurka, Hugh Hampton Young, ya yi cikakken bayaninsa tun 1919. Tantanin na aiki kamar ƙyauren da ke rufewa duk sa'ad da fitsari ya turo shi. Mafitsara na yunƙuri har bangonta ya yi kauri, fitsari ya koma sama, ƙodoji su kumbura.

Akwai wasu dalilan. Wani yaron bututun da ke saukowa daga ƙodarsa ne ya tsuke, wani kuma fitsari ne ke komawa daga mafitsara zuwa ƙoda saboda mahaɗar ba ta rufewa da kyau. Fitsarin da ya kwanta kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ne, musamman E. coli da ke fitowa daga hanji. A mafi yawan jariran da aka samu da zubar gishiri, ana tarar da abubuwan biyu tare: naƙasa a hanyar fitsari da kuma ƙwayoyin cuta. Wani lokacin ƙwayoyin cutar kaɗai sun isa.

Alamomin da ke ruɗar iyaye

Wahalar lalurar ita ce ba ta da wata alama tata ta kanta. Jariri kan rage kama nono, ya riƙa amai, ya yi laushi, barcinsa ya yi yawa. Maimakon ya yi ƙiba sai ya rame. Maɗigarsa ta faɗa, idanunsa su zurma. Sau da yawa babu zazzaɓi ko kaɗan.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamomi tana da fassararta a gida. Jaririn da ya ƙi nono ko yake amai akan ce beli ne ke damunsa, a kira wanzami. Wanda maɗigarsa ta faɗa akan shafa masa magani a ka. Wanda ya rame akan ɗora laifin a kan nonon uwa. A asibiti ma, abin da ya fi saurin zuwa zuciyar ma'aikaci shi ne ƙwayoyin cuta a jini ko tamowa, kuma da gaskiyarsa, domin su ne suka fi yawa.

Abu ɗaya da ke ƙara ruɗani shi ne fitsarin kansa. Yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwa fitsarinsa kan ragu. Wanda ƙodarsa ke zubar da gishiri kuwa yana iya ci gaba da jiƙa zanin goyo alhali jikinsa na bushewa. Jiƙewar zani ba shaida ba ce cewa ruwan jikinsa ya wadata.

Alamar da ta fi amfani ita ce yadda fitsarin ke fita. Namiji mai lafiya, ko ɗan kwana bakwai ne, fitsarinsa kan fito da ƙarfi ya yi tsiri. Idan yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ko yaro na nishi da kuka kafin ya yi, ko ƙasan cibiyarsa ya kumbura ya yi tauri, to akwai alamar toshewa. Wannan abu ne da uwa da kaka suka fi kowa damar gani, musamman a kwanakin jego kafin arba'in, lokacin da jariri ba ya rabuwa da hannunsu.

A yankin da tsargiya ta zama ruwan dare a tsakanin yaran da ke wanka da su a kogi, an saba ɗaukar matsalar fitsari a wurin yaro namiji da sauƙi. Tsargiya cuta ce ta waɗanda suka fara shiga ruwa. Matsalar fitsari a jikin ɗan wata ɗaya ba ta cikin wannan sahu, kuma ba ta jira.

Cutar da ta yi kama da ita

Akwai wata cuta ta gado, mai laƙabin CAH, da ke zuwa da kamanni iri ɗaya: ƙarancin sodiyam, yawan fotasiyam da bushewar jiki, galibi a mako na biyu ko na uku bayan haihuwa. A duniya tana samun kimanin jariri ɗaya cikin 15,000, kuma ta fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. A wannan cuta ƙullutun adirenal ne ya gaza samar da homon, don haka maganinta shi ne a maye gurbinsa har ƙarshen rayuwa. 'Ya mace mai ita akan gane ta tun ranar haihuwa saboda sauyin da ke bayyana a al'aurarta, amma namiji ba ya nuna komai sai ya galabaita.

Bambance su na da muhimmanci. Gwajin homon da ke raba gardama yana da tsada, kuma sakamakonsa kan ɗauki kwanaki. Saboda haka likita kan fara ba jariri allurar haidirokotizon domin kariya, har a tabbatar. Haɗarin shi ne a tsaya nan: a yi wa yaro laƙabin mai cutar gado, a ɗora shi kan maganin da ba ya buƙata, tantanin da ke cinye ƙodarsa kuma yana nan. Shi ya sa ƙwararrun likitocin yara ke ba da shawarar cewa duk jaririn da aka samu da ƙarancin sodiyam da yawan fotasiyam a gwada fitsarinsa, a kuma yi masa sikanin ƙoda da mafitsara tun ranar farko.

Gwaje-gwajen uku ke nan: awon gishirin jini, gwajin fitsari, da sikanin. Babu ɗayansu da ya fi ƙarfin babban asibitin gari.

Yadda ake magani

Matakin farko shi ne ƙarin ruwa mai gishiri ta jijiya, a hankali kuma bisa awo, domin ɗaga sodiyam da gaggawa ma na cutar da ƙwaƙwalwa. Idan fotasiyam ya kai matakin haɗari, akan yi allurar kalsiyam don kare zuciya, a ƙara da magungunan da ke sauke shi. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan idan akwai toshewa a saka siririyar robar fitsari don mafitsara ta sauke. Da waɗannan, gishirin jini kan daidaita cikin 'yan kwanaki, ko da yake wasu jariran na buƙatar ƙarin gishiri bisa awon likita na makonni ko watanni.

Bayan yaro ya farfaɗo sai a koma kan tushen matsalar. Ana yanke tantanin da wata siririyar na'ura mai kyamara da ake zurawa ta hanyar fitsari. Inda babu na'urar da ta dace da jariri, likita kan buɗe wa mafitsara ƙofa ta wucin gadi a ƙasan cibiya har yaro ya ƙara girma. Irin wannan aiki na likitocin tiyatar yara ne, waɗanda aka fi samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Likitoci kan kuma ba da shawarar yi wa irin waɗannan yara kaciya da wuri a asibiti, maimakon jiran shekara shida ko bakwai kamar yadda aka saba a al'ada, domin tana rage kamuwa da ƙwayoyin cutar fitsari ƙwarai.

Akwai wani tarko a nan. Jaririn da aka ba maganin ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa ba tare da an yi masa sikanin ba yana iya warwarewa a sallame shi, kowa ya yi hamdala. Tantanin kuwa bai je ko'ina ba. Rahotannin likitoci daga asibitocin koyarwa na Najeriya sun sha nuna cewa ana kawo yara masu wannan toshewa a makare, wasu bayan shekaru, ƙoda ta riga ta lalace. Ko a ƙasashen da ake gano ta tun a ciki, wani kaso mai yawa na yaran kan kai ga gazawar ƙoda daga baya. Jinkiri na ƙara wannan kaso.

Abin da bai kamata a yi a gida ba

Jin cewa gishiri ne ke zuba na iya sa wani ya jiƙa gishiri ko kanwa ya ɗura wa jariri. Wannan na iya kashe shi, domin ba a san adadin da jikinsa ke buƙata ba sai an auna jini. Ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ya ceci miliyoyin yara daga gudawa, shi ma ba maganin wannan lalura ba ne. Yana ɗauke da fotasiyam milimol 20 a lita, sinadarin da ya riga ya yi wa jaririn yawa.

Ruwa zalla ma matsala ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Haɗejiya ke haura digiri 40, tausayi kan sa a ba jariri ruwa. Ruwan na ƙara tsarma ɗan gishirin da ya rage a jini. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shayar da nono zalla har wata shida tana nan daram. Abin da ya dace shi ne a ci gaba da ba shi nono, a kama hanyar asibiti a ranar.

Nisa, ambaliya da awon ciki

Kama hanyar asibiti ba ƙaramin abu ba ne a masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. A watannin Agusta da Satumba, idan Kogin Haɗejiya ya cika ya tumbatsa, ƙauyuka da dama a fadama kan koma sai da kwalekwale. An ga haka a ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da matasan Haɗejiya suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna ɗaure jinga domin kare garin. Daga Haɗejiya zuwa Kano kuma tafiyar kusan kilomita 200 ce. Jaririn da fotasiyam ɗinsa ya haura 7 ba lallai ya jure wannan tafiya ba, sai an fara daidaita shi kusa da gida.

Hanya mafi sauƙi ta guje wa wannan tsere ita ce a gano matsalar kafin haihuwa. Sikanin mai juna biyu na iya nuna kumburarriyar ƙoda, ko cikakkiyar mafitsara, ko ƙarancin ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki sikanin aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24. Amfaninsa ya dogara ga mai riƙe da na'urar: idan abin da ake dubawa kawai shi ne kwanciyar yaro da jinsinsa, ƙoda za ta wuce ba a lura ba.

Alƙaluman Jigawa na nuna girman aikin. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a jihar, 213 ba sa kaiwa shekara biyar, alhali matsakaicin ƙasa 132 ne. Binciken ya kuma nuna cewa kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar ce kawai ake yi a asibiti. Zubar gishiri ba ya cikin manyan dalilan wannan asara. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, gudawa da matsalolin haihuwa su ne kan gaba. Sai dai na'urar da ke auna gishirin jinin wannan jariri ita ce dai ake buƙata ga mai gudawa mai tsanani, da mai tamowa, da magidancin da ƙodarsa ta fara gazawa.

Tambayoyin da suka cancanci amsa

Doka ta riga ta tanadi kuɗi da haƙƙi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma kashi 5 cikin 100 na asusun an ware shi ne domin jinyar gaggawa. Sashe na 20 na dokar ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Jigawa kanta ta san amfanin tsarin kai mara lafiya asibiti, domin shirin Haihuwa Lafiya, wanda aka soma zamanin Gwamna Sule Lamido, an gina shi ne a kan ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyuka.

Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi da ayyukan mazaɓu suna da tambayoyi takamaimai da za su iya gabatar wa kansiloli, 'yan majalisar jiha da Ma'aikatar Lafiya a Dutse. Manyan asibitocin masarautar nawa ne ke iya auna sodiyam da fotasiyam da tsakar dare, kuma cikin awa nawa sakamako ke fitowa? Akwai sinadaran gwajin da wutar da na'urar ke buƙata duk shekara, ko kuwa sai an tura iyaye ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari? Masu yin sikanin ciki sun samu horo kan duba ƙodar ɗan tayi? Ana ajiye robar fitsari daidai jikin jariri? Ungozomomi da ma'aikatan lafiya na mazaɓu 287 na jihar suna tambayar uwa yadda fitsarin ɗanta ke fita a ranar rigakafin farko? Wane tanadi aka yi wa ƙauyukan da ruwa ke yankewa duk damina?

Mai wankin ƙoda na buƙatar zama biyu zuwa uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har tsawon rayuwarsa ko har ya samu dashe. Cibiyoyin wankin wajibi ne ga waɗanda suka riga suka kai wannan mataki. Jaririn da aka auna wa jini, aka gwada fitsarinsa, aka yi masa sikanin a makon da ya fara ƙin nono, yana da kyakkyawar damar kada ya taɓa hawa wannan gado.